Kwanon Da Tirhas Ta Mayar

Hajar ta tasa kwanon miya a gaba tana hararar sa, sai ga jikanta Elfatih ya dawo daga yankan riɗi a gonakin Fashaga.

Ya ce, "...gajiya ta bi lafiya, habboba, kakata. Amma amaryata ta tsuke fuska. Haƙorin ƙarshen ne ya faɗi?"

"Ji miji! Wata biyu a gona, ka dawo min da ƙaiƙayi kawai. Tirhas ce ta wulaƙanta ni."

Tirhas maƙwabciyarta ce, Bahabashiya Kirista. Tun bara kullum safiya tare suke shan kofi, wato gahawa, daga jabana, ɗan tulun dafa shi, amma yau Hajar ta ce an gama.

"Na aika mata kisra, wainar dawarmu, da miyar nama, har da man shanu. Ta mayar min, wai azumi take. Azumi! Jiya da la'asar da idona na ga tana tauna."

"Da wannan idon da ya gaishe da jaki ranar Juma'a? Nasu daban ne, tsohuwa. Suna ci, ban da nama da madara da man shanu, kusan wata biyu."

"Wata biyu ba nama? Ashe kai ma azuminsu kake tun da aka yaye ka, matsiyaci."

"Na ji. Da Ramadan, da ta kawo miki kofi da hantsi, wa ya kore ta da mafici?"

"Ƙuda nake kora!"

"Ƙudan ya yi fushi?"

Hajar ta kau da kai. Ta tuna Tirhas ta koma da jabanarta, da magariba kuma ta dawo da ita da zafi. Haka ta yi ta yi har Sallah.

"Ni dai azumin da ake ci da rana bai shige ni ba."

"Ita ma wanda ake kwana ana ci ba lallai ya shige ta ba. Ku je ku yi ta musu kofi na tafasa."

"Rufe min baki." Ta ɗan yi jim. "Miyar waken adas fa, da man riɗi?"

"Wannan har kwanon za ta lashe."

Dariya ta ƙwace wa Hajar, ta tura masa miyar naman.

"Ungo. Ba don azumin Tirhas ba, da ka tsufa ba ka san nama ba. Adas ɗin kuma ni zan kai da kaina, kar ya ƙare a hanya."