Dokta Kamar-Yadda-Na-Faɗa Ya Nemi Kujera

Allah ya yi wa Fadan Kagoma arziki biyu: citta da Dokta Bartholomew. Citta sai an tono ta. Dokta kuwa shi yake tono kansa, ya wanke, ya shanya a rana kowa ya gani.

Masanin ƙwaƙwalwa ne, ta ɓera. Shekara da shekaru yana leƙen ƙwayoyin kan ɓera a wata jami'a, har ya rubuta takardun bincike saba'in. A duniyar masana, girman mutum shi ne sau nawa aka ambaci aikinsa a cikin takardu, kuma na Dokta ya haura dubu uku. Ka ce masa ina kwana a tashar Kafanchan, sai ya gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, ya ce lafiya lau, dubu uku da goma sha ɗaya.

Matarsa Scholastica, wadda take buga masa takardun, ita ta yi wa zumuntar mata bayani cikin alfahari. Ai maigidanta ba ya wahalar da kowa. Duk sabuwar takarda, da kansa yake ambaton tsofaffin nasa sau arba'in. Tun daga wannan rana, sunansa ya koma Dokta Kamar-Yadda-Na-Faɗa.

Kirsimetin bana ya sauko gida neman kujerar ciyaman na ƙungiyar ci gaban gari. Bai bi gida-gida ya gai da kowa ba. Me zai roƙa? Kalanda ma ya riga ya buga, hotonsa da farar rigar bincike, a ƙasa an rubuta "Ciyaman", an rataya har shagon aski.

Ranar mitin ya miƙe a filin makaranta. "'Yan'uwana, Jamus sun san ni. Japan sun san ni. Ɓeran da ya shigo hannuna, har tunaninsa na sani." Aka tafa, don masu kunun zaƙi sun iso.

Baba Azariya, dattijon da ke gudanar da zaɓe, ya tuna wa jama'a dokar ƙungiya: ɗan takara sai wani ya kawo sunansa, wani kuma ya goyi baya. Nan take aka kawo sunan Damaris mai fataucin citta, aka goya. Baba ya tambaya ko akwai wani suna. Ba wanda ya kawo sunan Dokta. Kowa ya ga mai ambato dubu uku ba ya bukatar bakin manomi.

Dokta ya duba hagu, ya duba dama, sai ya yi abin da ya saba. Ya tashi ya kawo sunan Dokta Bartholomew. Baba ya nemi mai goyon baya. Dokta ya ɗauki jakarsa, ya tsallaka benci na gaba, ya canja tabarau, ya sake tashi.

"Na goyi bayan mai magana na farko, kamar yadda ya faɗa."

Baba Azariya ya dube shi. "Ɗana, haka kuke yi a jami'a?"

"Haka ake yi, Baba."

Albarkacin Kirsimeti, Baba ya bari a ɗaga hannu. Da aka kira Damaris, fili ya zama kamar gonar masara. Da aka kira Dokta, hannu biyu suka tashi, na dama da na hagu, a kafaɗa ɗaya da 'yar'uwarta. Scholastica ta ce kular shinkafa take riƙe da ita, ko da yake kular tana ƙasa.

Washegari wani ɗan acaɓa ya gaishe shi a tasha. Dokta ya gyara murya, ya ce lafiya lau, dubu uku da goma sha uku.