Rasuwar Katakon Jan Layi na Isaka Karofane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ido ya ƙi kawo ruwa, Malam Isaka Karofane, wanda ya ga yunwa biyu da saran kububuwa bai kwanta ba, yana sanar da ƴan uwa rasuwar katakonshi na jan layi, ranar Talata, bayan shekara ashirin da shida yana aiki a ɗakin magani na mishan.

Marigayin ɗan maɗaci ne, tsaga bakwai gare shi a gefe. Da shi Isaka ke zana akwatuna a takardar kowane mara lafiya kafin malamai su cika, shi ne kuma ya riƙe mishi teburin bakin ƙofa duk shekarun nan. Isaka bai taka makarantar lakwal ba, bai san baƙi ko ɗaya ba, amma wa ya taɓa kama shi da kuskure? Akwati na fari suna, na ukku gari, na bakwai wurin dangwala yatsa. Daga Keita har Sabon Gida babu mai layi irin nashi, a je a tambaya. Muryar marigayi guda ce: ƙiii, ƙiii, in alƙalamin bik na bin gefenshi.

Ciwon ajali ya soma da rani, da anka kawo ordinatar, wato kwamfuta. Esther mai rubutu ta ce umarni guda ta ba injin, shi ke jera kowace tambaya daidai da gurbinta, ba layi, ba akwati. Takardar ta yi kyau, Isaka bai musa ba. Sai dai fara ce fat, ba abin ƙirgawa. Ran Litinin ya kama yatsan wata tsohuwa, Dela, ya dangwala inda ake rubuta awon magani. Likita bai yi faɗa ba. Ya dai ɗauke tawada daga teburin ya miƙa wa Esther. Washegari Isaka ya dafa katakon zai tashi, katako ya rabe biyu. Ya tsaya yana kallo. Bai ji komai ba.

Marigayi ya bar bik biyu, ɗaya ba murfi, da tebur, da Isaka.

Za a naɗe shi cikin tsohuwar rigar aiki, a binne shi gindin rumbu a Karofane ran Juma'a bayan la'asar. Ba zai shiga murhu ba, Mairamu matar gida ta ji da kyau. Masu gaisuwa su zo gida, kowace rana, kowane lokaci. Kada a nemi Isaka a ɗakin magani. An ce mishi ya je ya huta.