Zakaran da Bai San Rana Ba

Jama'a, ranar Talata na dawo gida na tarar da maiɗakina tana wasa wuƙa, tana yi wa zakarana wani kallo da ban so ba.

"Baban yara, kwana goma sha tara ke nan bai yi cara ba," in ji ta. "Sai cin dusa da tafiyar ƙasaita. Na ba shi zuwa Asabar."

Bari in wanke shi a wurinku. Gidan hayarmu ɗaki biyu ne, sai wani lungu mai taku uku tsakanin banɗaki da benen maƙwabci. Tunda aka gina benen nan rana ba ta sake leƙa lungun ba. A nan na reni 'yan tsaki goma cikin kwali, da ƙwan lantarki rataye a kansu don ɗumi. In babu wuta, kaskon garwashi. In babu gawayi, cikin rigata. Uku suka rayu, mata biyu da wannan bawan Allah. To shi tun tashinsa ƙwan nan ya sani a matsayin rana. Aka kawo wuta, sai ya yi cara, ko da azahar ne. Ba a kawo ba, a wurinsa gari bai waye ba, kuma ni ban ga ƙaryarsa ba.

Telan da ke jikin gidanmu ya ji hukuncin ta katanga, ya tare ni a ƙofa.

"Malam, kada ka bari a taɓa shi! Da cararsa nake rugawa in jona dutsen guga. Duk garin nan shi kaɗai ke faɗin gaskiya a kan wuta."

Washegari na saka rigata mai dama-dama na tafi wurin iyayen gidanmu masu rabon wuta. Na durƙusa na roƙi minti biyar kacal, don ceton rai.

"Ran wa?" in ji mai teburin farko, bai ɗago ba.

"Zakara, ranka ya daɗe."

Ya buɗe wani fayil ya nuna mini da bakin biro. A rubuce, layinmu na samun wuta awa ashirin kullum. Saboda haka, a cewarsa, zakaran ne ke da matsala, in kai shi asibitin dabbobi. Na yi godiya, don ban taɓa sanin muna cikin irin wannan daula ba.

Na dawo gida ko minti ɗaya ban samo ba. Wallahi ina son tsuntsun nan, a ƙirjina ya yi gashi.

Sai ga ikon Allah ranar Juma'a. Aka share titi, aka kafa rumfa, wai Mai Girma Babban Mai Yanka Ƙyalle zai zo buɗe turken fitila guda ɗaya. Ƙafarsa na taɓa ƙasa, wuta ta zo. Zakarana ya haye bokiti ya saki carar da ya tara tun farkon wata, har ta danne lasifika.

Mai Girma ya ɗaga hannu. "Kun ji da kunnenku! Har dabbobi sun shaida gari ya waye a ƙarƙashinmu!"

Aka yi tafi. Kafin in rufe baki, ƙarti biyu masu baƙin gilashi sun shigo lungun a karkace, don ba ya ɗaukarsu a miƙe, sun sungumi zakaran, wai za a karrama shi a gidan Mai Girma. Motar ƙarshe na karya kwana, wutar ta bi su. Na share ƙwalla, amma na ce ko ba komai ya tsira, ya kuma shiga manya.

Jiya direban gidan Mai Girma ya kawo wa telan nan wando. Na tambaye shi lafiyar mutumina.

"Au, naka ne? Ai gidanmu ba a ɗauke wuta, Malam. Tunda ya shiga bai rufe baki ba. Kwana biyu Mai Girma bai runtsa ba, a na uku ya ce a kai shi kicin."

Don haka masu ƙorafin duhu, ku sassauta. Don lafiyarmu ake gutsura mana wutar kaɗan-kaɗan. Ɗan layinmu ɗaya tak aka taɓa bai wa wuta ba yankewa, kuma kwana biyu ya yi.