Ƙwallon da Ya Biyo Ni Gida

Ranar da na ɗauki sandar wasan golf zuwa fakon bayan Magama, direbobin Jibiya suka ce in nisanci tsamiyar wurin. Na yi musu doguwar lacca kan camfi. Ƙwallo uku na buga, farare ƙanana kamar ƙwai, dukansu suka ɓace a gindinta.

Da safe na tarar da ɗaya a ƙofar masaukina, ban ga sawun kowa ba. Washegari ma haka. A rana ta uku na tattara kayana na nufi tasha, bakina ɗauke da addu'a.

Nan wani dattijo makiyayi ya miƙo mini na ukun a gaban jama'a. "Malam, ga cikon ƙwayayenka. Ɗaya-ɗaya nake tsintarsu wajen kiwo, kullum in tarar kana barci, sai in ajiye maka a ƙofa."

Har yau idan na shiga tasha, sai wani ya gangaro da dafaffen ƙwai gabana, kowa ya zuba ido ya ga ko zan ruga.