Rasuwar Bunsuru, Keken da Ya Koya wa Layinmu Tafiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da inda za ta juye shi sai kan wannan takarda, ni Dinko Parushev na gidan ƙarshe a layin bayan coci nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya rage a garinmu Gorna Lipa, rasuwar ƙaramin kekenmu shuɗi, wanda aka fi sani da Bunsuru. Ya cika ranar Asabar ta makon jiya da hantsi, a gindin famfon dandali, yana bakin aikinsa. Ya haura shekara arba'in a duniya.

Na liƙa wannan sanarwa a ƙyauren tsohon shago, inda muke liƙa sanarwar rasuwar kowa da hotonsa, daidai ƙasan ta matata Velichka. Maƙwabciyata Tsonka ta tarar da ni ina shafa gam, ta ce, "Dinko, ka fara zarewa ne? Nan fa wurin mutane ne." Na ce mata ta bi fuskokin da ke jikin ƙyauren nan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini wanda ya yi wa yaran garin nan hidimar da marigayin ya yi. Ba ta nuna kowa ba. Ta dai danne mini gefen takardar har gam ɗin ya kama.

Marigayi ya shigo gidanmu sabo fil, shekarar da ɗanmu Momchil ya fara famfara. Velichka ce ta raɗa masa suna, don birkinsa na kuka "meee", kuma duk katangar da ya haɗa ido da ita sai ya tunkuye ta. Ban da wannan ɗan hali, mai haƙuri ne na gaske. Ya kwana a waje cikin ruwa bai yi ƙorafi ba. An yar da shi a bakin ƙofa don an kira cin abinci, an dawo an same shi inda aka bar shi, tayarsa ta baya na juyawa ita kaɗai. Ya ɗauko burodi, ya kai saƙo, ya taɓa ɗauko kaza mai rai a cikin kwando, abin da daga shi har kazar ba su ji daɗinsa ba. Kacarsa takan ce "ƙaƙas, ƙaƙas" idan ana hawan tudun coci, ƙararrawarsa kuma "ƙirrin" take cewa a ƙuruciya, da girma ya zo ta koma "ƙit". Daga cikin gado nakan san wane yaro ne a kansa, daga yadda yake buga ta.

Yadda muke koya wa yara a layin nan ba ɓoyayye ba ne. A cusa ƙotar shebur a bayan sirdi, babba ya riƙe ta yana bin keke da gudu. Kafin a tashi, uwar gida ta watsa ruwa kofi ɗaya a gaban taya, kamar yadda ake yi wa mai fara makaranta ko mai tafiya soja, don hanya ta yi masa sauƙi. Yaro yana kuka yana cewa kar a sake shi, babba yana rantsuwa yana riƙe, alhali tun a ƙofar Tsonka ya saki. Gudun nawa ne, ruwan na Velichka. Allah ya jiƙanta, ba ta gani sosai, rabin ruwan a jikin keken yake sauka, kuma masana sun tabbatar mini daga nan ciwon ajalinsa ya samo asali.

Marigayi ya rasu ya bar Momchil, wanda ke shimfiɗa tayil a gidajen mutane a Sifaniya. Ya bar 'yata Ralitsa, da ke jinyar iyayen wasu a Jamus. Ya bar tagwayen Tsonka, da ɗan limamin coci mai tuƙa babbar mota, da wasu da yawa masu tabo a gwiwa, waɗanda a yau ba ko ɗaya da ke kwana a garin nan. Duk ni na sake su, kuma duk sun iya tafiya fiye da yadda na yi nufi. A gida kuwa ya bar famfon ba da iska, da gwangwanin faci, da ni.

Jinyarsa ta yi tsawo. Tun da aka rufe makaranta ya koma rumfar itace, tsatsa na cin sa a hankali, gizo-gizo na masa bargo. Nakan leƙa shi idan na je ɗibar itace, mu gaisa da ido, kamar tsofaffi biyu a layin asibiti. Sai bana Momchil ya bugo waya ya ce zai kawo mini jikata Neda, mai shekara shida, su yi mako guda, kuma har yanzu ba ta iya keke ba. A ranar na fito da marigayi rana. Na wanke kaca da kananzir, na yi faci a kan faci, na tura shi har wurin Yordan mai walda a garin gaba. Yordan ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya girgiza kai, ya ce, "Baba Dinko, wannan ai fenti ne kawai ke riƙe da shi. Yaro ɗaya zai ƙara ɗauka, shi ma idan bai ci abincin rana ba." Na ce ai ɗayan nake nema.

Neda ta zo da idon kakarta da harshen wata ƙasa. Abin da ta iya a yarenmu bai wuce gaisuwa da "na ƙoshi" ba. Ranar farko muka zauna a tebur, ni da ita da farantin banitsa, gasasshen fulawa mai cuku, a tsakani, ina kallonta tana kallon wayar ubanta, har na ji na zama baƙo a gidana. Da yamma ta ga marigayi jingine da itacen tuffa. Ta matsa, ta taɓa ƙararrawa, ƙararrawar ta ce "ƙit". Yarinya ta fashe da dariya. Wannan ce hira ta farko da aka yi tsakanina da jikata, kuma ba ni na yi ta ba.

Daga nan kullum muna kan layi, safe da yamma. Ubanta ya koya mata kalma huɗu, ta riƙe su gam: "Kaka, kar ka saki." Ni kuma in ce, "Ina riƙe da ke." Na faɗa wa yara da yawa wannan magana, amma Neda ce ta farko da na faɗa wa da gaske. Momchil ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi yana kallonmu, ya ce, "Haba Baba, ka sake ta mana, ta iya fa! Ni ai rana ta biyu ka sake ni na faɗa cikin kabejin Inna Tsonka." Na ce masa ba ta nuna ba tukuna, ya je ya ji da tayil ɗinsa. Gaskiyar magana ita ce ta nuna tun ranar Laraba. Hannuna ne ya ƙi buɗuwa. Na san ranar da na saki, aikina ya ƙare, ba kuma wani yaro a bayanta. Muddin ba ta iya ba, akwai mai neman Kaka da sassafe, yana jan hannun rigarsa.

Ranar Asabar an gama ɗaure kaya a mota, Neda ta ja ni a yi na ƙarshe. Tsonka ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Wai ka ma zuba mata ruwa kuwa? Mako guda kana jan yarinya a busasshiyar hanya, ta ina za ta iya? Da Velichka na nan da ka sha zagi." Sai a lokacin na tuna. Ban taɓa zubawa da hannuna ba, ban san ma'auni ba, kuma na ga bashin mako guda ne. Na ciko bokiti, na sheƙa shi gaba ɗaya a kan duwatsun layi.

Muka tashi. Taya ta ratsa ruwan lafiya lau. Takalmina ne bai ratsa ba. Ƙafa ta tafi gaba, ni na tafi baya, na zauna daɓas a cikin ruwan sa'a, ƙotar shebur ta zare ta biyo hannuna. Neda ba ta sani ba. Tana ta taka feda, ta wuce ƙofar Tsonka, ta wuce gidajen da aka rufe da kwaɗo, tana cewa, "Kaka, kar ka saki!" Ni kuma daga inda nake zaune, wando sharkaf, na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Ina riƙe da ke!" Kacar na cewa "ƙaƙas, ƙaƙas", tana yin nisa, kuma ban taɓa jin sautin da ya faranta mini rai ya kuma karya mini zuciya a lokaci guda kamarsa ba.

Abu ɗaya ne ban koya mata ba, shi ne birki, don duk makon ni ne birkinta. Marigayi ya hango kwamin famfon dandali, ya tuna halinsa na ƙuruciya, ya yi tunkuyinsa na ƙarshe. Ya ce "meee", ya ce "ƙaras", ya rabu biyu daga ƙarƙashin sirdi. Bai sha wahala ba. Neda ta miƙe da ƙujewa a gwiwa, ta waiwayo, ta ga nisan da ke tsakaninmu. Ta ɗaga hannu biyu tana ihu da yarensu. Momchil yana share hawayen dariya ya ce, "Baba, wai ta ce kai maƙaryaci ne, kuma a sake yin wani." Ba a samu abin sake yi da shi ba.

Bayan abincin rana suka tafi. Na zuba wa motarsu ruwa, kofi ɗaya wannan karon. Na kwance ƙararrawar na sa wa Neda a aljihu. Da suka isa sun bugo waya, ubanta ya miƙa mata, sai na ji "ƙit" daga can ƙarshen duniya. Na ce mata na ji. Tun daga nan layin ya koma yadda yake, sai karen Tsonka da ƙarar ƙofata.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe, lokacin da Asen mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa. Za a ɗauki gawar daga gindin itacen tuffa. Tsonka ta yi alkawarin dafa alkama da sukari a raba, ko da yake ta ce don Velichka za ta yi, ba don ƙarfe ba. Limamin coci ya ba da uzuri. Ba a buƙatar furanni, kuma don Allah kada kowa ya zo da ruwa.

Ƙotar shebur ba za ta bi shi ba, domin tun faɗuwar nan ƙuguna ya ƙi daidai, ita nake dogarawa. Na roƙi Asen ya ja dokinsa a hankali. Shekara arba'in ina bin marigayi a baya da gudu, wannan karon da ƙafa zan raka shi. Zan tsaya a famfon dandali har amalanken ya sha kwana, sannan in juyo gida.