Ranar da Mudassir Ya Rage wa Saba Memori

Akwai wani injiniya a sashen kwamfuta na wata kwaleji, sunansa Mudassir. Wata shida ke nan da ɗaukarsa aiki amma ba a tabbatar da shi ba, sa hannun Darakta kawai ya rage, shi kuwa Darakta ya ce sai ya ga aiki da idonsa. An ce ya nuna cewa za a iya rage wa saba memori tana tsakiyar aiki ba tare da an kashe ta ba. Saba ita ce kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita, memori kuwa nan take ajiye abin da take aiki a kai. Ba fa hannu ake sawa a fizge ba. Umarni ake bugawa, sai kenel, wato manhajar da ke riƙe da ragamar na'urar, ya kwashe abin da ke yanki ɗaya na memorin ya mai da shi wani, kamar ɗan haya ya koma ɗakin kusa, sannan a rufe yankin. Sati uku bawan Allah yana bita, har abinci sai an tuna masa.

Ranar gwaji ya sha shadda mai sitati, ya ɗora sabar gwajin a kan tebur. Darakta ya hakimce a kujera, takarda da biro a hannu. A gefe kuma Hajiya Lantana ce, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen, tana ɓarar gyaɗarta. Abin da Mudassir bai lura ba, baƙaƙen tagogi biyu na buga umarni ne buɗe a allon kwamfutarsa, kama ɗaya sak. Ɗaya ta sabar gwaji ce, ɗayar ta babbar sabar kwalejin ce, da ya leƙa da safe ya manta bai rufe ba.

Ya yi bismilla ya cire yanki na farko. Sabar da ke kan tebur ko gezau. Ya cire na biyu, ya cire na uku, fitilunta na ƙyaftawa abinsu. Daɗi ya kama Darakta, ya taso ya dafa ta, ya ce ko ɗumi ba ta ƙara ba, a ƙara cire wani. Mudassir kuwa baki har kunne, ji yake kamar ya taka rawa. Tun yana zaune har ya miƙe, yana buga umarnin da yatsa ɗaya yana kallon Darakta. Darakta na ƙirgawa da ƙarfi yana tafi, har ya fara maganar kai yaron nan taro Abuja. Da aka kai goma sha biyu ya buɗe biro.

Sai ga mai kula da jarrabawa ya banko ƙofa, gumi sharkaf, hula a hannu. Ya ce ɗalibai ɗari biyu na ƙasa suna rubuta jarrabawa a kwamfuta, komai ya tsaya cak, wanda ya danna amsa sai ya yi ta jira kamar mai jiran motar ƙauye, wasu har sun fara kuka.

Mudassir ya duƙa ya karanta sunan da ke saman tagar. Sabar da suke ta yi wa tafi ko taɓa ta bai yi ba, babbar yake ta kwashe wa memori. Nan take ya shiga mayarwa ɗaya bayan ɗaya, har aka leƙo daga ƙasa aka ce abu ya dawo.

Darakta ya dubi takardar, ya dubi Mudassir da ya zama abin tausayi cikin shaddarsa.

"Ba kai ka ce min saba ba za ta ji komai ba?"

"Wannan ɗin ai ba ta ji ba, yallaɓai," in ji Mudassir, murya can ƙasa.

Darakta ya juya wajen Hajiya Lantana, biro a sama. "Hajiya, ke ce babba. Me zan rubuta, ya ci ko ya faɗi?"

Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rubuta ya ci, yallaɓai. Wanzamin da ya cire haƙori goma sha biyu a bakin maƙwabci, mai ciwon bai ce wash ba, ai gwani ne."