Ganyen Kwaɗo a Hanyar Teku

Rubuta, jikata, kar ki rage komai.

Na fita takabar Malam amma kuka ya ƙi barina, sai ɗana Sani ya kwashe mu, ni da jikoki, a mota daga Bowie, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, zuwa garuruwan bakin teku. Mun ga barewa, mun ga dawakai marasa ubangida. Da muka sauka yawo a wani daji, na hango ganye shar, uku-uku, yana bin itace. Ni da na girma ina tsinkar tafasa a gonakin Maraɗi, wane ganye zai ɓoye mini? Na murza, na shinshina, na cika bakin mayafi. Malam na son kwaɗo, Allah ya ji ƙansa. Na ce ko ba ya nan zan yi.

Sani ya ƙwala ihu: "Inna, zubar! Mai dafi ne!"

Na ce, "Kai da ka girma da burodi za ka koya mini ganye?"

Washegari hannuwana da hancina suka kumbura. Tekun ma ta taga na gan shi, ana ba ni abinci a baki.

Har yau, ko latas aka kawo, sai jikoki su miƙo mini: "Kaka, shinshina mana, ana ci?"